Ana iya ƙara wa ruwan batir ƙarfi a gida ta hanyar tafasa shi?

Ɗalibin kimiyya, Gusau:
Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Bara na gama sakandare, kuma ilimin sinadarai ya shiga raina ƙwarai. Akwai gwajin da nake marmarin gani da idona, wanda ake zuba asid ɗin salfurik mai ƙarfi a kan sukari, sai sukarin ya yi baƙi ƙirin ya kumbura kamar gawayi. Na gwada da ruwan batir, amma babu abin da ya faru, sai na fahimci cewa ruwa ne ya yi masa yawa. Shin idan na ɗora shi a kan risho a bayan ɗakinmu har ruwan ya ƙone, zan samu mai ƙarfin?

Malamin kimiyya, Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fahimtarka daidai ce, domin asid ɗin da ke cikin ruwan batir kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai, alhali na ɗakin gwaje-gwaje kashi 98 cikin 100 ne, kuma nauyin litarsa ɗaya ya kai kilo 1.84. Amma don Allah kada ka ɗora shi a wuta.

Da farko ruwa ne ke tashi, har mutum ya ɗauka aikin mai sauƙi ne, sai dai gwargwadon yadda ruwan ke raguwa, haka zafin da ake buƙata yake hawa, har ya kai wajen digiri 337, wanda ya zarce zafin man suya nesa ba kusa ba. Tun kafin a kai nan, asid ɗin kansa ya fara bin iska da farin hayaƙi mai kauri da ke ƙona maƙogwaro da huhu. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne yadda yake tafasa: yakan yi lamo kamar ba a kan wuta yake ba, sannan ya yunƙuro gaba ɗaya ya fantsama. Tukunyar ƙarfe cin ta yake yi, kwalba kuma fashewa take yi, ɗigon gumi ɗaya ma idan ya faɗa ciki ya isa ya watso maka shi a fuska. Masana'antun da ke yin sa daga tushe ba su bin wannan hanya. Farar wuta suke ƙonawa, su sarrafa hayaƙinta a cikin rufaffun tankuna.

Mai gyaran batir, Talata Mafara:
Malam ya faɗi gaskiya. Ko wannan marar ƙarfin da kake rainawa, duk rigunan aikina ya huda su. Kuma idan daga tsohon batir ka tsiyayo shi, to akwai dalma a ciki. Mu mutanen Zamfara ba mu manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bayan ɗakin da kake magana, ai nan ƙannenka suke wasa.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Yarona, ƙunar wannan asid takan ci nama ta shiga can ciki, a ido kuwa tana iya makantar da mutum. Idan ya taɓa wani, a cire tufafin nan take, a yi ta kwarara ruwa mai yawa aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti. Kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki.

Malamin kimiyya, Ƙauran Namoda:
Sha'awarka abin a yaba ce, ƙanena, kada ka yar da ita. Ka nemi malaminka na sakandare ya haɗa ka da sashen ilimin sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ka roƙi a nuna maka gwajin a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, kana sanye da tabarau da safar hannu.

Ɗalibin kimiyya, Gusau:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na fasa, kuma gobe in sha Allahu zan je wajen malamin nawa. Ragowar ruwan batir ɗin kuwa na toshe bakinsa, zan mayar wa wanda na saya a wurinsa.