Mai kamfani na iya korar ma'aikaci ba tare da dalili ba?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanina direba ne a wani kamfanin ruwan leda a wajen Kakuri, nan Kaduna, shekararsa shida yana jan motarsu. Ranar Litinin da sassafe ya je lodi, manaja ya tare shi a bakin get ya ce ya ajiye makulli, aiki ya ƙare. Ba takarda, ba bayani. Yana bin su albashin wata biyu, da ya tambaya sai aka ce za a cire kuɗin tayar da ta fashe masa a hanyar Kachia. Ga matarsa da tsohon ciki. Akwai abin da za mu iya yi, ko mu bar wa Allah?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya masa da mafi alheri. Amma Hajiya, gara a faɗa miki gaskiya. Wanda ya ɗauke ka aiki da kuɗinsa yana da ikon sallamarka ranar da ya ga dama, ba sai ya gaya maka dalili ba. Ai ba aikin gwamnati ba ne. Ni ma ina da gidan burodi a Kawo da yara goma sha ɗaya, na san yadda abin yake. Kotu kuwa ɓata lokaci ce, kuɗin lauya kaɗai zai cinye wata biyun. Ku samu dattijo ya je ya roƙi mai kamfanin.

Kwamared Yusuf: Roƙo kuma, Alhaji? Sadaka ya je nema? Guminsa ne fa na wata biyu. Irin wannan maganar ce ta sa ake yi wa talaka korar kare a garin nan, ya koma gida ya naɗe hannu.

Barista Hauwa: Kwamared, a yi haƙuri, maganar Alhaji tana da tushe, sai dai rabin zance ya faɗa. Maman Khalifa, mu raba abin gida biyu.

Akwai abin da babu gardama a kansa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara notis: wanda bai wuce wata uku a aiki ba, kwana ɗaya, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako guda, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, shekara biyar zuwa sama, wata guda cur, kuma a rubuce. Ƙaninki shekararsa shida. Ko dai su ba shi notis na wata ɗaya, ko su biya shi albashin watan a madadinsa. Ke nan wata uku yake bin su, ba biyu ba. Batun taya kuma, sashe na 5 bai yarda mai aiki ya yanke wa kansa hukunci ya zabtare albashi ba. Sai asarar ta zo ta ganganci ko sakacin ma'aikacin, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Taya ta fashe a hanyar Kachia, wa zai ce ganganci ne?

Alhaji Garba: To ai kin gaskata ni, Barista. In na miƙa masa albashin wata guda, shi ke nan, ba wanda zai tsare ni da tambayar dalili.

Barista Hauwa: Nan ne gida na biyun, ranka ya daɗe, kuma nan ake ta fafatawa. A da haka abin yake ba makawa. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa mai aiki na iya sallama da dalili ko ba dalili, muddin ya bi sharuɗɗan yarjejeniya, kuma diyyar da ma'aikaci zai samu ba ta wuce kuɗin notis ba. Sai gyaran kundin tsarin mulki na uku, na 2010, ya zo da sashe na 254C. Shi ya damƙa duk rigimar aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya kuma ba ta ikon duba zaluncin da ake yi wa ma'aikata da auna shi da abin da duniya ta yarda da shi. Da wannan ikon ne kotun, a shari'ar Aloysius da Diamond Bank a 2015, ta ce sallama ba tare da ingantaccen dalili ba ba ta dace da zamani ba. Ta jingina da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce dalilin ya shafi ƙwarewar ma'aikaci, ko halinsa, ko buƙatar kamfanin.

Amma ba zan ruɗi kowa ba. Najeriya ba ta rattaba amincewarta da yarjejeniyar ba, kuma kotunan da ke sama ba su zama baki ɗaya a kan batun ba. Mai aikin da ya dogara da tsohon ra'ayi yana kasada, ma'aikacin da ya ɗauka ya riga ya ci shari'a shi ma haka. Sannan kar ƙaninki ya sa rai kotu za ta mayar da shi kan sitiyari. A kamfani mai zaman kansa kuɗi ake biya, ba a tilasta wa mai aiki zama da wanda ba ya so.

Baba Iliya: 'Yata Barista, Allah ya yi albarka. Ni dai ina jin tsoron a ɗaga wa yaron nan rai. Tun da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta rufe a 2002 masaƙun Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ni ma tawa tana cikin waɗanda suka bi. Mun yi zarya har takalma suka ƙare. Abokan aikina nawa muka kai makwanci ba su ga haƙƙinsu ba. Har yau katin shaidata da takardun albashina suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na ɗaure su da roba, duk sun yi ja. Samun gaskiya a takarda daban, kuɗi ya shigo aljihu daban. A nan ina bayan Alhaji.

Barista Hauwa: Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bi muku haƙƙinku. Amma ku kamfanin da ya mutu kuke bi. Wannan kuwa kullum da safe motocinsa na fita da ruwa, yana da asusu a banki, yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Irinsu sau da yawa wasiƙar lauya ɗaya ke sa su nemi sulhu.

Maman Khalifa: Barista, matsalar ita ce ba su taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba. Da baki aka yi komai.

Barista Hauwa: Wannan laifinsu ne, ba nasa ba. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Rashin takardar bai soke aikin ba, sai dai ya nemi wata shaidar. Ya je banki ya ciro bayanin asusunsa in ta nan ake biyansa. Ya adana katin shaida, da saƙonnin WhatsApp da manaja ke tura masa na inda zai kai kaya, kar ya goge ko ɗaya. Daga nan ya rubuta musu wasiƙa cikin ladabi, ya lissafa abin da yake bi, ya sa a sa masa hannu a kwafinsa. In sun yi shiru, ya kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke nan Kaduna, suna kiran ɓangarorin biyu a zauna. Kotun Ma'aikata ma tana da reshe a Kaduna, kuma tana da tsarin sulhu, ba komai ne sai an kai ga doguwar shari'a ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman lauya a Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Malam Nura: Ni abin da ke ba ni mamaki, tun kafin dokar Bature muna da tamu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Wata biyu fa! Barista, mu malaman makarantun kuɗi dokar nan ta shafe mu?

Barista Hauwa: Malam, Dokar Ƙwadago ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ta cire manajoji da ƙwararru. Ku abin da ke cikin takardarku ake fara dubawa, amma ƙofar Kotun Ma'aikata a buɗe take ga kowa.

Alhaji Garba: Duk na ji, amma ku ma ku ji namu. Fulawa ta tashi, man dizal ya tashi. Yaro zai gudu ana tsakiyar azumi ba sallama, ya bar ka da ƙullu a kwano. Wani ka kama shi dumu-dumu yana karkatar da burodi. Shi ma sai na ba shi notis ina kallonsa?

Barista Hauwa: A'a, Alhaji. Notis ɗin nan ya hau kan ma'aikaci kamar yadda ya hau kanka, wanda ya gudu ba sallama shi ma ya karya doka. Wanda ya yi sata kuwa kana iya korarsa nan take. Abin da ake so kawai ka ba shi takardar tuhuma, ka ji ta bakinsa, ka ajiye shaida. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Doka ba ta manta da ku ba.

Alhaji Garba: Ni dai har gobe ina kan bakana, ba alƙalin da zai zaɓa min wanda zan zauna da shi a gidan burodina. Amma albashin da yaro ya riga ya yi wa aiki, wannan cin sa haramun ne, su biya shi.

Maman Khalifa: Yanzu ya kira ni. Wai manajan ya ce ya zo gobe ya karɓi na wata ɗaya, amma sai ya sa hannu a wata takarda.

Barista Hauwa: Kar ya sa hannu sai an karanta. In an rubuta cewa ya karɓi duk haƙƙinsa ba ya bin su komai, ya rufe wa kansa ƙofa ke nan. Ya ɗauki hotonta ya turo miki, ki turo min.

Kwamared Yusuf: Hajiya, ki tambaye shi ko suna cire masa kashi 8 na fansho. In suna cirewa, ya duba ko kuɗin na shiga asusunsa tare da kashi 10 na kamfani, don a haɗa da shi a wasiƙar.

Maman Khalifa: To Kwamared, ya kai matarsa awo, da ya dawo zan tambaye shi. Barista, ƙarfe nawa zan same ki gobe?