An ɗage Dune kashi na biyu zuwa Maris: kokenmu zai iya dawo da shi?

Ɗan Sabil, Jidda (Juma'a, 25 ga Agusta 2023)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Alhamis kamfanin fina-finai na Warner ya sanar da ɗage fim ɗin Dune kashi na biyu daga 3 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris 2024. Tun daren jiya zaurukan WhatsApp suke tafasa. Masu zagin kamfani na yi, wasu na yaɗa takardar koke a sa hannu, wasu sun rantse ko an kawo shi ba za su yanki tikiti ba. Har an turo wani mahaɗi wai fim ɗin ya riga ya fita ta bayan fage.

Ina son masana su warware mana. Tun Disambar bara aka gama ɗauka, to me ya rage? Koken nan yana da wani tasiri ko ɓata data ne kawai? Sannan mu nan Mamlaka, wato Saudiyya, rana ɗaya za mu gan shi da sauran duniya, ko irin jinkirin fim ɗin Barbie za a yi mana?

Baba Majigi, Riyad

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba aikin fim ɗin ne ya tsaya ba, masu tallarsa ne babu. Ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, mai mambobi kusan 160,000, ta shiga yajin aiki tun 14 ga Yuli, ta tarar da marubuta da suka ajiye alƙalami tun 2 ga Mayu. Rabon da ƙungiyoyin biyu su yi yaji lokaci guda tun 1960. Rigimar a kan kuɗin da ake biyansu ne idan an haska aikinsu a manhajojin kallo irin su Netflix, da kuma fargabar a kwafi fuskarsu da muryarsu da ƙirƙirarriyar basira a ci gaba da amfani ba biya.

Abin da masu zagi ba su lura da shi ba: dokar yajin ba ɗauka kaɗai ta hana ba. Ɗan wasa ba zai yi hira da 'yan jarida a kan fim ɗin babban kamfani ba, ba zai je bikin buɗewa ba, ko hoton tallan ba zai ɗora a shafinsa ba. Shi ya sa jaruman Oppenheimer suka tashi suka bar bikinsu na Landan ana tsakiyar yi. To fim ɗin da ya tara Timothée Chalamet da Zendaya da Austin Butler da Florence Pugh, cikin aikinsu har da zaga duniya su jawo matasa. A sake shi a Nuwamba bakinsu a ɗinke, kamar a kai amarya ne ba 'yan rakiya. Wani fim ɗin Zendaya, Challengers, tun watan jiya aka janye shi daga buɗe bikin fina-finai na Venis aka kai shi Afrilu saboda dalilin nan.

Kuma ɗagewa ba ta zuwa ita kaɗai. Ranar 15 ga Maris ta Godzilla x Kong ce, sai aka tura shi 12 ga Afrilu. Ita kuma 12 ga Afrilun ta fim ɗin zane na Lord of the Rings ce, sai aka cilla shi har 13 ga Disamba 2024. Masoya wancan su ya kamata su fi kowa kuka, wata takwas suka ci, amma ba ka jin ɗuriyarsu.

Batun koke kuwa, an gwada wanda ya fi naku ƙarfi. Ranar 14 ga Agusta 2008 wannan kamfanin ya ɗage Harry Potter na shida daga 21 ga Nuwamba zuwa 17 ga Yuli 2009, alhali aikin ya kusa kammala. Shugaban kamfanin na lokacin, Alan Horn, bai ɓoye ba: lokacin hutun bazara ya fi kawo kuɗi, kuma yajin marubuta na kwana 100 da ya ƙare a Fabrairun shekarar ya bar musu giɓi a jadawalin 2009. Masoya suka yi ca, wasiƙu, koke, barazanar ƙauracewa, har sai da ya fitar da saƙon ban haƙuri. Ranar fa? Daga baya an matso da ita zuwa 15 ga Yuli, kwana biyu kenan. Da ya fito ya tara sama da dala miliyan 930. Masu rantsuwar ƙauracewa su ne a sahun gaba, kuma kamfanoni sun riƙe wannan karatun.

Idan kana son sanin ko Maris ɗin ma zai tsaya, kada ka bi yawan sa hannu a koke, bi labarin sulhu da 'yan wasa. Babban fim yana buƙatar kamar wata biyu zuwa uku na talla. In aka shiga Janairu ba a sasanta ba, ka sa ran wata ɗagewar.

Ummu Hanan, Makka

Baba ya gama da ɓangaren Amurka. Ƙanena, tambayarka ta uku ita ce tamu, kuma akwai abin da ban ga kowa ya ambata ba: ɗauko kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. Ana sa ran azumi wajen 11 ga Maris. Mu a nan ranar Alhamis ake sakin sabon fim, tunda hutunmu Juma'a da Asabar ne, wato 14 ga Maris, huɗu ga Ramadan in wata ya tsaya yadda aka lissafa. Kowa ya san yadda silima take a watan nan: da rana babu kowa, bayan buɗa baki ana Asham, daga nan a koma kan shirye-shiryen azumi na talabijin. Masu rarraba fina-finai a yankin Gulf sun saba riƙe manyan fina-finan da suka faɗo cikin azumi sai Ƙaramar Sallah, wadda za ta kama wajen 10 ga Afrilu. Ban ce haka za a yi ba, amma kada ka rubuta 14 ga Maris da biro, rubuta da fensir. Ɗayar hanyar ita ce su sake shi kafin azumi in uwar kamfani ta yarda.

Bayan wannan akwai tacewa. Tun da aka buɗe silima ta farko a Riyad ranar 18 ga Afrilu 2018 da Black Panther, bayan shekara 35 a rufe, babu fim ɗin da ke hawa allo sai da lasisin hukumar kafafen gani da sauraro. Mai rarrabawa zai miƙa kwafi, a kalla, a sa masa rukunin shekaru, in akwai wurin da ba a yarda da shi ba a nemi a cire. Daga nan magana ta koma wajen masu fim. In sun yarda, a gyara a sake miƙawa, kwanaki ko makonni su tafi. In sun ƙi, shi ke nan. Doctor Strange na 2022 daƙiƙa 12 kacal aka nemi Disney ta cire, ta ƙi, bai shigo ba. Barbie kuma an sa shi 20 ga Yuli, aka mayar 31 ga Agusta, sai ga shi ya fito 10 ga wata, Kuwait kuma ta hana gaba ɗaya.

A ganina Dune ba ya cikin masu wannan haɗarin sosai. Na farkon ya shigo, kuma a makwabta aka ɗauki saharar, Wadi Rum ta Jodan da Liwa ta Abu Dhabi, don haka yankin na da sha'awar a haska shi da wuri. Abin lura shi ne rukunin shekaru. In aka sa masa R15, yaron da bai kai 15 ba ba zai shiga ba ko da mahaifinsa ne ya riƙo hannunsa, kuma ana iya neman iƙama, katin zama a ƙasa, a ƙofa. Masu shirin cika mota da yara daga Shara Mansur ta Makka zuwa Jidda, ku duba wannan kafin ku biya.

Injiniya Karantina, Jidda

Yaya Ummu ta yi daidai. Ni mahaɗin nan zan yi magana a kai, don shi ne zai iya cutar da mutum yau ɗin nan.

Fim ba ya zuwa silima a matsayin bidiyon da za a kwafa a filasha. Yana zuwa a kunshin da ake kira DCP, a kan hadis, wato faifan ajiya na kwamfuta (hard disk), ko ta layin intanet na musamman. Hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, fim ɗin awa biyu hoto 172,800 kenan, kowanne a matse shi kaɗai. Iyakar gudun bayanan megabit 250 ne a daƙiƙa, don haka awa biyu na iya kaiwa gigabait 225. Wanda ya turo maka abu mai megabait 700 ya ce daga silima aka sato, ka san inda ka ajiye shi.

Kunshin kuma a kulle yake. Mabuɗinsa wani ɗan ƙaramin fayil ne, KDM, ana turo shi ta imel. Kowane mabuɗi an yanka shi ne don na'ura ɗaya tak, da lambar shaidarta, da ranar da zai fara aiki da ranar da zai mutu. Mol mai ɗaki 12, kowane ɗakin da za a haska fim ɗin sai da nasa. Ko hadis ɗin ya kwana mako a ɗakin majigi, manaja ba zai iya kunna ko minti ɗaya ba kafin sa'ar ta buga. Saboda haka masu zuwa suna tsare yaran kanta da faɗa, ku bar su, ba a hannunsu take ba.

A nan ne ma ƙananan jinkirin ranar farko ke fitowa. Fassarar Larabci ta ƙasan allo sau da yawa a ƙaramin kunshi daban take zuwa, wanda ke hawa kan babban. In hukuma ta sa an yanke wani wuri, tsawon fim ya canja, sai an sake daidaita lokacin fassarar, a fitar da sabon kunshi da sababbin mabuɗai. In an canja wata na'ura a ɗakin ba a sanar da sabuwar lambarta ba, mabuɗi ya ƙi. In an rubuta sa'ar buɗewa da agogon wata ƙasa, nunin farko ya wuce fim na kulle. Wannan ne ke sa a soke nunin ƙarfe 12 na dare a ce a dawo gobe.

To fim ɗin da ko kunshinsa ba a rarraba ba, me ke cikin mahaɗin? Ɗayan uku: tirela da aka jona ta yi tsawo, ko kashi na farko da aka canja wa suna, ko shafin da zai ce ka yi rajista kyauta ka sa lambar katin bankinka na Mada. Na ukun shi ne mugun. Da ka sa, saƙon lambar sirri zai shigo wayarka, su ce ka rubuta don tabbatarwa, kuɗi ya tashi. Wasu har bayanan shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnati, suke nema. Wanda ya riga ya sa lambarsa ya buɗe manhajar bankinsa yanzu ya dakatar da katin, ya kira lambar da ke bayan katin, ya canja kalmar sirri, in ya sauke wata manhaja daga shafin ya goge ta.

Mai Son Indiya, Madina

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda surutun masoya ba ya motsa komai ba. Yana motsawa, sai dai gaba yake tura rana. Fim ɗin Sonic an sa shi Nuwamba 2019, tirela ta fito mutane suka ga haƙora da ƙafafun da aka yi masa suka yi ta tsiya, aka koma aka sake zana shi, ya fito 14 ga Fabrairu 2020 kuma ya karɓu. Fim ɗin Indiya Adipurush na jarumi Prabhas haka: tallan farko a Oktoba 2022 ya sha dariya saboda siddabarun kwamfutar, aka ɗaga daga 12 ga Janairu zuwa 16 ga Yuni na bana don a gyara. Wata biyar, kuma da ya fito bai tsira daga bakin mutane ba. Dalili, in an riga an ɗauki ɗan wasa a gaban koren ƙyalle da hasken da bai dace da bayan da za a liƙa ba, ƙarin wata ba ya gyara shi, sai a sake ɗauka.

Shi ya sa idan aka ɗage fim nake fara tambayar wace iri ce. Ta gyaran aiki takan nuna akwai matsala a ciki. Ta jadawali ko yaji, irin wannan, ba ta cewa komai game da kyan fim.

Ɗan Sabil, Jidda

Allah ya saka da alheri, Baba da Yaya da sauran 'yan uwa. Saura ɗaya. In aka riƙe mana shi sai Sallah, kusan wata guda duniya na kallo muna jira, yaya za a yi da masu tona labari? Kuma yaushe ake fara sayar da tikiti?

Ummu Hanan, Makka

Littafin tun 1965 yake kasuwa, ƙanena, masu tonawa ba su jira fim ba. A Twitter, ko X yadda ake ce masa yanzu, shiga saituna, sashen sirri da tsaro, wurin toshe kalmomi, ka zuba sunan fim ɗin da na jaruman labarin, da boko da kuma Larabci, don 'yan nan da Larabci za su rubuta. Zaɓi har abada, ka cire bayan ka kalla. YouTube ya fi wuya, hoton kan bidiyo kaɗai ya isa ya ɓata maka, sai ka dakatar da tarihin kallo a makonnin.

Tikiti kuma ba a buɗe shi da watanni, yawanci kwanaki ne zuwa mako ɗaya ko biyu kafin ranar, a manhajar VOX ko Muvi ko Empire. Duk wanda ya ce zai sayar maka da na Maris yanzu, ɓarawo ne. In IMAX, ɗakin mai ƙaton allo, na Red Sea Mall kake so, kujerun tsakiya daga layi na baya-baya su ke fara ƙarewa, musamman daren Alhamis da Juma'a. Kafin ka biya karanta sharaɗin mayar da kuɗi, don kowane kamfani da nasa, wasu maki suke mayarwa a manhaja maimakon riyal.