Abin da anka tattauna kan bada ɗinkin kayan hawa da riga aikin hannu

Jama'a ga taƙaitaccen abin da teloli da masu bada ɗinki sunka faɗa. Kusan kowa ya yarda matsala ta farko lokaci ne, in babbar riga kake so mai aska takwas ko malum-malum to ka kai tun kafin azumi, don sai an yi zayyana sannan mai allura ya zauna yana bi da zare, abin na cin makonni, wanda ya ce maka kwana 3 to keke zai sa mata.

An daɗe kan maganar yadi. Masu kayan yara, irin alkyabba da jabba da kayan dogarai ja da kore na wasan makaranta, sun ce a jiƙa yadin auduga ya bushe kafin a yanka saboda yana shan ruwa ya tsuke, ja ɗin kuma a jiƙa shi daban don yana zuba. Shafi na leda kam a manta da shi, zafin Sakkwato a watan Afrilu yana wuce digiri 40, yaro zai dahu a ciki wallahi. A bar sarari cikin kalmasa yadda za a iya saki baɗi.

Wajen kuɗi ne anka rabu, wasu sun ce rabi tukuna, teloli sun ce su da mi za su sayi zare? Ni dai ina bayan rabin, amma a rubuta awo da ranar karɓa, a tura hoton samfurin ta WhatsApp.