Ɗalibai na juya hagu da dama a cikin saniya: ina mafita?

Assalamu alaikum malamai da likitocin dabbobi. Ana neman shawara kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ajin tsarin jikin dabba.

Ɗalibi zai haddace cewa saniya na da haƙarƙari 13 a kowane ɓangare, tumbi ya cika hagu, sai sauran sassa uku na cikinta: retikulum na tsakanin haƙarƙari na 6 da na 8 jingine da tantanin numfashi (wanda ya raba ƙirji da ciki), omasum na dama, abomasum kuma ƙasa-ƙasa. A takarda ba ya kuskure. Amma da an kwantar da gawar a rigingine, ko an nuna masa yanka a gicciye, sai komai ya birkice, domin zanen littafi daga gefe ɗaya kawai yake nuna dabbar. Har akwai mai laluben wurin huda kumburin tumbi a kwiɓin dama, kuskuren da ke iya tsinka hanji.

An zana gaɓoɓin da alli a jikin saniya mai rai. Ya taimaka, amma a tsaye kawai ake iya nuna ta.

Shin gina cikin da yumɓu ya fi, ko manhajar kwamfuta mai juya siffa? Kuma kafin fiɗa ake farawa ko bayanta?