Kalmar "get" ta hana ni sakat

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin WAEC, kalmar "get" ta sha mini kai. Tun firamare na san ta da "samu". To ga "get up", tashi. "I got tired", na gaji. "Get me water", kawo mini ruwa. Jiya ƙanwata ta ce "I don't get it", wai ba ta gane ba take nufi!

Malaminmu kuma ya ja mata layi da jan biro har sau biyar a rubutuna, ya ce in sauya. Na sa "obtain", ya ce ba a faɗin "obtain tired". Don Allah, yaushe ake sa "receive", yaushe "obtain", yaushe "become"? Akwai ƙa'ida ne, ko sai hadda?