Alƙaluman sama sun ce akwai tasiri, teburin ƙasa ya ce babu: wanne zan ɗauka?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nazarin ciwon suga, akwai ko babu, da lojistik rigireshan (hanyar lissafi ta hasashen abu mai amsa biyu, e ko a'a) a manhajar ƙididdiga ta Stata. Ma'aunaina uku ne: nauyin jiki, BMI (ma'aunin nauyi gwargwadon tsayi) da faɗin ƙugu. A saman sakamakon ya ba ni gwajin ma'aunan a haɗe, LR chi2(3) = 23.00, Prob > chi2 = 0.0000, amma a teburin ƙasa babu ma'auni ko ɗaya da p ɗinsa ya gaza 0.05, iyakar da ake cewa akwai tasiri. Kaina ya ɗaure.

Amsa ta farko:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ai tambayoyi biyu ne daban. Duba layin Iteration 0: wannan log likelihood ne, wato awon yadda samfurin lissafi ya dace da bayanai, na samfurin da ba ma'auni ko ɗaya a cikinsa. A ce ya nuna -250, na ƙarshe kuma, mai ma'aunai ukun, -238.5. Bambancinsu 11.5, ki ninka biyu, ga 23 ɗinki. Ukun da ke cikin baka adadin ma'aunan da kika ƙara ne. Masanin ƙididdiga Wilks ya nuna a 1938 cewa idan bayanai suna da yawa kuma ma'aunan ba su da tasiri, wannan adadi na LR yana bin rabon chi-square, kuma iyakarsa a nan, a matakin 0.05, 7.81 ce. Kin wuce ta nesa. Wato su ukun a haɗe sun fi babu. Bai ce miki wanne ne ke aikin ba.

Amsa ta biyu:
Gaskiyar Malam. Teburin ƙasa gwajin Wald ne, yana tambayar abin da kowanne ya ƙara bayan sauran biyun suna nan. To BMI daga nauyi ake lissafa shi, ƙugu ma tafiyarsu ɗaya. Kamar shaidu uku ne da suka zo da labari guda, kowa ka cire, biyun sun isa. Ki ajiye cikakken samfurin da umarnin estimates store, ki cire ma'auni ɗaya, ki gwada samfuran biyu da umarnin lrtest. Sharaɗi: ma'aunan ƙaramin samfurin duk su kasance cikin babban, kuma mutanen su ne dai a duka biyun. Idan wasu ba a auna ƙugunsu ba, adadin zai canza, gwajin ya lalace.

Mai tambaya:
Na gode Malamai. To in rubuta p = 0.0000?

Amsa ta biyu:
A'a, ki rubuta p < 0.001. Kuma kada ki ce samfurin ya dace da bayanai saboda wannan kawai. Da alƙaluman da Malam ya misalta, Pseudo R2 na McFadden, awon yadda samfurin ya fi wanda ba ma'auni a cikinsa, 0.046 ne kacal. Idan kuma kika sa zaɓin vce(robust), wanda ke sauya yadda ake lissafa kuskuren ƙiyasi, Stata zai sauya miki zuwa Wald chi2, lrtest ma zai ƙi aiki.