Tambaya: Me ya sa pakorar albasa ta Indiya ke yin laushi idan na soya ta a gida?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san girkin Indiya game da soyayyar albasar nan da ake kira pakora ko baji. Wadda ake sayarwa a gidajen abincin Indiyawa tana da ƙaras-ƙaras, kuma ana ganin silin albasar a warwatse, amma tawa tana fitowa a dunƙule, cikinta da danshi, ga shan mai. Yadda nake yi shi ne, ina kwaɓa fulawa da ruwa da kayan ƙamshi, sannan in zuba albasa a ciki in riƙa ɗiba da cokali. Tambayata ta biyu kuma, garin da suke kira besan ba ya samuwa a kasuwarmu, shin garin wake zai iya maye gurbinsa? Ina so hannuna ya faɗa kafin azumi.

Hajiya Bilkisu

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Matsalar tana cikin kwaɓin da kike fara yi, domin a wannan girki albasa ce babba, gari kuwa aikinsa kawai ya riƙe ta kada ta watse a cikin mai. Ruwan da za a yi amfani da shi ma daga jikin albasar ya kamata ya fito.

Ki sami manyan albasa 3, ki raba kowace biyu, ki yanka ta siri-siri a tsaye daga kai zuwa gindi, saboda irin wannan yankan ne ke ba da dogayen sili. Ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali 1, ki murza da hannu sosai, ki rufe ki bar ta minti 15. Gishirin zai janyo ruwan albasar waje, za ki ga ta yi laushi ta jiƙe. Kada ki zubar da wannan ruwan. A kansa za ki zuba kurkum rabin ƙaramin cokali, da garin barkono, da ɗanyar citta da kika goga, da yankakken ɗanyen barkono kore, da ganyen kuzbara idan kin samu. Daga nan sai ki riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan kina cakuɗawa da yatsu, kimanin kofi 1, tare da garin shinkafa babban cokali 2, har sai kowane sili ya sami lulluɓi marar kauri kuma idan kika damƙa yana haɗuwa. Idan ya bushe ƙwarai, ki yayyafa ruwa cokali ɗaya tak. Garin shinkafar nan kada ki raina shi, shi ne ke sa ƙaras-ƙaras ɗin ya daɗe bayan an kwashe.

Wajen sakawa a mai, ki ajiye cokali ki ɗiba da yatsu, ki sake shi a barbaje ba tare da kin mulmula ba. Duk wanda aka dunƙule, bayansa zai soyu cikinsa yana ɗanye. Kuma da zarar kin haɗa garin ki fara suya, domin albasa mai gishiri ba ta daina fitar da ruwa, idan haɗin ya jira sai ya saki.

Malam Auwal

Bayanin Hajiya shi ne daidai abin da na gani a wurin masu suya a bakin titi lokacin da nake karatu a Pune. A jihar Maharashtra suna kiranta kanda baji, wadda silinta ya barbazu kuwa suna ce mata kekda baji, saboda ta yi kama da ƙafafun ƙaguwa. An fi cin ta da shayi mai zafi a lokacin damina, kuma Musulmin Indiya da Pakistan ba sa raba ta da faifan buɗa-baki. Dunƙulalliyar da ake gani a hotuna ta fi yawa a gidajen abincin Ingila.

Game da gari, besan ana niƙa shi ne daga chana dal, wato ƙaramin nau'in waken da Larabawa ke kira hummus, wanda aka ɓare aka raba biyu. Ba shi da danƙon da ke cikin alkama, shi ya sa idan ya soyu yake bushewa ya yi ƙamshi mai kama da na gyaɗa, alhali fulawa idan ta haɗu da ruwa aka juya ta sai ta yi danƙo ta riƙe danshi. Don haka, Malama, fulawa ita ce ta ƙarshe da zan ba ki shawara a kai. Manyan kantunan da Indiyawa da Labanawa ke sayayya a Kano da Abuja da Legas sukan ajiye besan, in kuma chana dal ɗin kika samu, ki kai inji a niƙa miki shi a bushe ki tankaɗe.

Akwai kuma wani ɗan iri da suke kira ajwain, wanda shi ne ƙamshin da mutum ke ji ya gane pakora ce. Sinadarin da ke ba shi wannan ƙamshi shi ne wanda ke cikin tayim, saboda haka busasshen tayim kaɗan da aka murje a tafin hannu zai kusantar da ke sosai.

Anti Rabi

'Yar uwa, ni da garin wake nake yi, kuma ina ganin Malam bai kamata ya tsallake shi ba, tunda ba kowa ke kusa da waɗancan kantuna ba. Yana yi, da sharaɗi biyu: ya kasance na surfaffen wake mai laushi, kuma kada ki buga shi yadda ake buga ƙullun ƙosai, domin bugun yana shigar da iska ya kumbura, sai ki tashi da ƙosai mai albasa. Ki ƙara garin shinkafar zuwa cokali 3, ki yawaita citta don ta kashe gafin waken. Ɗanɗanon ba zai zama na besan sak ba, amma yana da daɗinsa.

Shan mai kuwa daga wuta yake. Ki jefa ɗan guntu ki gani: idan ya nutse ya zauna a ƙasa, man bai yi zafi ba, idan kuma ya yi ja nan take, ya zarce. Wanda ya nutse kaɗan ya taso da kumfa shi ne daidai, wato kimanin digiri 170 zuwa 180 ga mai ma'auni. Ki zuba kaɗan-kaɗan a kaskon, minti 4 zuwa 5 kina juyawa, ki kwashe a matsami ki bar shi a buɗe, domin rufewa na tara tururi. Ki kuma zaɓi busasshiyar jar albasa irin ta Aliero ko Galmi, sabuwar albasa ruwa ya yi mata yawa.

Maman Hanifa

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, idan na soya tun la'asar, yaya zan yi kada ta yi laushi kafin a sha ruwa, kuma da me ake ci?

Hajiya Bilkisu

Ki yi mata suya biyu. Da la'asar ki soya rabi ki kwashe tun tana fara-fara, sannan gab da magariba ki mayar da ita cikin mai mai zafi na minti 1 zuwa 2. Mahaɗinta kuwa, ki dafa tsamiya da dabino da ɗan barkono ki tace, ko ki markaɗa na'a-na'a da kuzbara da lemon tsami ki gauraya da kindirmo.